Yadda Za Ka Tayar Da Babur Ɗin Kakar Budurwarka Alhali Ba Ka San Kan Waya Ba

Ka cika baki a gidan su yarinya cewa wutar babur a tafin hannunka take. Yau babur ya mutu, an aiko a kira ka. Kada ka gudu. Titi ɗaya ne ya zagaye tsibirin Rarotonga. In ka gudu ta dama, ta hagu za ka dawo musu.

Ka bi matakan nan yadda suke. Babur zai tashi, tsohuwa za ta saki fuska, sunanka zai shiga bakin dangi. Wannan tabbas ne. Duk wanda ya bi su ya dace. Mutum ɗaya ne dai ya taɓa bin su, amma bai faɗi ba.

Sunansa Nooroa, ɗan tsibirin Mauke. Yana zaune gidan goggonsa a ƙauyen Matavera, yana yanke wa mutane ciyawa. Ba shi da yawan magana. Sau ɗaya ya yi magana fiye da kima, ita ce ta ja masa. Ya canja wa budurwarsa Moeroa ƙwan sigina, ƙwai ya kama, sai ya ji bakinsa yana cewa, "Wutar babur ai ba wani abu ba ce." Kafin rana ta faɗi maganar ta kai kunnen kakarta, Mama Upoko.

Abin da ke gabansa kuwa ba ƙarami ba ne. Ranar Asabar ce bikin askin Piri, ƙanin Moeroa, wanda almakashi bai taɓa kansa ba tun haihuwa. An raba gashin tukku-tukku, kowane da ƙyallensa. Mama Upoko ce za ta tsaya a zauren ƙauye tana kiran masu yankawa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ta kira ɗan gida ne. Wanda ba ta kira ba, ya ci gwaza ya tafi. Nooroa ya daɗe yana cin gwaza yana tafiya a bukukuwan gidan nan.

Da safiyar Asabar ɗin, ɗan roba-roban Mama Upoko ya ƙi tashi.

1. Ka iso da datti a jikinka

Mutane ba sa ganin ilimi. Baƙin mai suke gani. Kafin ka bar gida ka shafa kaɗan a hannu, kaɗan a goshi. Ari sifana da filaya da sukudireba, ka zuba su a buhu don su riƙa ƙara kana tafe. Kada ka yi murmushi. Makaniken da ke murmushi bai ga matsalar ba tukuna.

Wannan bai ba Nooroa wahala ba. Da ma haka fuskarsa take.

Ya tarar da gida cike. Dangin Auckland da na Sydney sun yi kwanaki suna kwana a baranda, katifu har bakin ƙofa. Babur yana gindin mangwaro, kusa da kabarin mai gidan, mijin Mama Upoko. Mama Upoko tana zaune a kansa, ta sha farar riga, kambun furanni a ka, hannu biyu a kan babur kamar mai jiran a buɗe mata hanya.

"Kai ne makaniken?"

"Ni ne, Mama."

Ta dube shi daga silifas zuwa goshi. "Kajin gidan nan sun fi ka kama da masu aiki. Su ko tono suna yi." Ta gyara zama. "Saurara, ɗan Mauke. Tun ranar da Papa ya kwanta a nan, babur ɗin nan ke kai ni ko'ina. Ba na shiga motar kowa, ba na hawa bayan kowa. In ya kai ni zaure yau, za mu ga sunan da bakina zai iya tunawa. In bai kai ni ba, akwai gwaza."

Aka yi dariya daga baranda. Moeroa tana can tana ninke zannuwa. Ita ba ta yi ba.

2. Fara da abin da ko akuya za ta iya

Murɗa makulli. A jiki za ka same shi, ba mai cire makulli a ƙauyen nan. Danna hon.

Hon ba ya ƙarya. In ya yi ihu, batir na da rai. In ya yi nishi kamar tsohon kare, batir ya gaji. In ya yi shiru, wuta ba ta ma fito daga gida ba: ko batir, ko fis, ko wayar da ke bakinsu. Daga nan ka duba jan maɓallin kashe inji da ke hannun dama, yara na son wasa da shi. Ka ɗage ƙafar gefe. Ka matse birki kafin ka danna sitata, don akwai baburan da ba sa amsawa sai an matse musu hannu.

Yawancin baburan da ake yi wa kuka a tsibirin nan a wannan matakin suke farfaɗowa. Ka yi addu'a naka yana cikinsu. Ba ya ciki.

Nooroa ya yi duka. Hon shiru. Fitila ko ƙyaftawa. Wannan kam ko shi ya san ma'anarsa. Batir da fis suna ƙarƙashin kujera, a gindin akwatin ajiya. Kujera kuma tana ƙarƙashin Mama Upoko.

"Mama, ko za ki ɗan sauka? Batir zan duba."

"Batir lafiyarsa ƙalau."

"Ta yaya kika sani, Mama?"

"Ni ce a kansa. Da yana ciwo da na ji. Duba wani wurin."

Ka riƙe wannan: tsohuwa mai kambun furanni ba ta kuskure. In ta ce ruwan teku ba gishiri, ka ɗanɗana ka ce yau kam da sauƙi.

3. Buga kik har a tausaya maka

Kik ba ya gyara komai. Amma yana fitar da gumi, gumi kuma shaida ne.

Kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya. In akwai tsohuwa a kai, da ita za ka ɗaga. Kada ka yi nishi, za ta ji.

Nooroa ya buga. Inji ya ce fuf, ya yi shiru. Ya sake. Kowane bugu sai Mama Upoko ta yi sama ta dawo, fure ɗaya ya faɗo daga kambunta. Duk da haka ba ta saki kan babur ba.

Nan Papa Tutai ya sauko daga baranda da kofin shayi. Ƙanin Mama Upoko ne, ya yi rabin rayuwarsa yana aiki a mayankar Auckland, shi ya sa ya san komai.

"Babu mai," in ji shi.

"Akwai mai, Papa."

"To mai ya yi yawa." Ya kurɓi shayi. "A Auckland da tuni an jefar da wannan an sayi sabo."

"A Auckland da tuni kai ma an jefar da kai," in ji Mama Upoko, ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Haba Yaya, taimako fa nake yi."

"Taimaka wa kofinka."

Kowane gyaran babur yana da Papa Tutai ɗinsa. Kada ka kore shi. Yana da amfani nan gaba kaɗan.

4. Ciro fulogi, ka ba mai surutu ya riƙe

Fulogi shi ne ashanar inji. In bai ƙyasta ba, mai sai dai ya jiƙa ciki ya kwanta.

Buɗe ɗan murfin da ke gaban kujera, tsakanin ƙafafun mai tuƙi. Roƙi ƙafafun su ɗan matsa. Zare hular robar, kwance fulogi da sifana, ka ɗaga shi sama ka dube shi kamar kifin da ba ka yarda da shi ba. In bakinsa ruwan ƙasa ne, lafiya. In baƙi ne wuluk da kunkunniya, mai na yi masa yawa. In jiƙe yake yana warin fetur, mai na isowa, wuta ce ba ta zuwa. Mayar masa da hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin inji, ka buga kik. Shuɗin tartsatsi kake nema.

Masana sun ce ta robar ake riƙewa. Kai kada ka riƙe ta ko'ina. Miƙa wa wanda ya fi kowa sani.

"Papa, riƙe nan. Kai ka san aikin."

Papa Tutai ya ajiye kofi, ya damƙi fulogi ta ƙarfen da hannu tsirara, ya juya ya kalli baranda don a gan shi. Nooroa ya tattara duk ƙarfin da Allah ya ba shi ya buga kik.

Papa Tutai ko gezau.

Nooroa ya yi baƙin ciki biyu a lokaci ɗaya: wuta ba ta zo ba, ba ta kuma ja Papa ba. Fulogin dai jiƙe yake sharkaf.

5. Yi dogon bayani da murya ƙasa-ƙasa

Rana ta ɗaga. An fara tone ramin da aka gasa abinci a bayan gida, ƙamshi ya cika ko'ina. Motocin a-kori-kura sun fara kwasar dangi zuwa zaure. Hannunka ya gaza, saura baki.

Ga abin da za ka haddace. Wutar babur kamar ruwan fadamar gwaza take. Daga batir take tasowa, ta bi ta fis, ta ratsa makulli, ta shiga ɗan baƙin akwatin nan mai ba da umarni, shi ya tura ta koyil, koyil ya kumbura ta ya harba wa fulogi. In an toshe ruwa daga sama, duk gonar da ke ƙasa bushewa take yi, ko ka wuni kana tona ta.

Ka faɗi wannan a hankali, kana jan wayoyi ɗaya-ɗaya, kana hura musu iska. Ja, baƙa, kore. Ka nemi wadda aka ɗaure a jikin ƙarfen babur, ta nan wuta ke komawa gida. In ita ta kwance, abin da kake da shi benci ne mai taya.

Nooroa ya ja su duka. Duk a ɗaure suke. Ya faɗi bayanin fadama, Papa Tutai ya gyaɗa kai ya ce a Auckland ba a noman gwaza.

Moeroa ta kawo ruwa, ta tsuguna kusa da shi.

"Nooroa, tsakaninka da Allah. Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Na san inda ciwon yake."

"Ina?"

Ya ɗaga ido ya kalli kakarta.

"A kul ɗinka!"

"Ƙarƙashinta nake nufi."

Moeroa ta miƙe. "Mama, sauka mana ya duba. An fara tafiya fa."

"Gwiwata ke ciwo."

"Jiya wa ya yi rawa har makaɗa suka nemi hutu?"

"Shi ya sa take ciwo. Je ki ɗauko almakashi da sauran ƙyallayen, uwar iyayi."

Kafin ta tafi ta sunkuyo kunnensa. "Piri ne autan maza a gidan nan. In ba ta kira sunanka yau ba, ban san ranar ba."

Nooroa ya zauna a kan dugadugansa. Ya tuna Mauke. A Mauke ba mai tambayar sa wutar babur. A Mauke kuma babu Moeroa. Yana cikin wannan sai ya lura da layin kiyashi suna hawa ƙafar babur, suna shigewa ƙarƙashin kujera. Masu shiga da sauri, masu fitowa a hankali.

Bai san abubuwa da yawa game da batir ba. Amma ya san kiyashi ba sa shan ruwansa.

6. Ka jira abokiyar gaba

Ba kai za ka sauke tsohuwa daga kujera ba. Wata tsohuwar ce za ta sauke ta. Ka yi haƙuri, tana hanya. Labarin mutuwar babur ya fi babur gudu.

Hon biyu aka ji a bakin shinge. Mama Tepaeru ce, a kan jan babur ɗinta mai sheƙi.

Ita da Mama Upoko benci ɗaya suke zama a coci, tare suke jan waƙa, kuma tun suna 'yan mata suke yaƙi a kan poke. Kowa da ayaba yake yin nasa: a dafa, a haɗa da garin rogo, a gasa, a malale shi da madarar kwakwa. Mama Tepaeru kaɗai ke yin nata da gwanda, ya fito ruwan goro, ana hango shi daga ƙarshen tebur. Mama Upoko ta sha rantsuwa a gaban matan coci cewa bai taɓa shiga bakinta ba. Wai siminti ne, kamata ya yi a kai wa masu gyaran titi.

"Upoko, 'yar'uwa! Ashe rasuwa aka yi ba a gaya mana ba?"

"Barci yake yi."

"Allah sarki. Irin barcin nan na manya." Mama Tepaeru ta daddaɓa kujerar bayanta. "Taso in goya ki. Ki riƙe ƙuguna da kyau, mu shiga filin zaure a hankali kowa ya gaishe mu."

Baranda ta zuba ido. Har Papa Tutai ya bar kurɓar shayi.

Mama Upoko ta kalli jar kujerar. Ta kalli titi. Ta kalli Nooroa. Sai ta sauko, gwiwa lafiya lau. Ta sunkuyo kamar mai gyara masa wuyan riga, ta yi magana ta cikin haƙora.

"Buɗe. Idonka kaɗai. In wani ya gani, da iyo za ka koma Mauke."

7. Nemi zani

Duk abin da aka ce idonka kaɗai, to ka yi masa rufi. Kada ka tsaya bayani. Gajerar ƙarya ta fi tsawon rai.

"A ba ni zani," in ji Nooroa. "Batir ba ya son hasken rana."

"Gaskiya ne," in ji Papa Tutai. "A Auckland ma haka ake yi."

Aka miƙo zani mai zanen furanni. Ya lulluɓe kansa da kujerar gaba ɗaya, ya ɗaga.

Wari ne ya fara gaishe shi. Sannan ya ga robar askirim, murfinta a karkace, rabinta cike da poke ruwan goro, cokali a tsaye a ciki.

Nan take komai ya jeru a kansa. Ranar Lahadi aka yi liyafa a coci. Mama Upoko ta faki ido ta ɗibi na Mama Tepaeru, ta ɓoye a nan. Ta iso gida ta tarar dangi sun sauka sun cika baranda, ido ta ko'ina, ba dama ta fitar. Robar ta yi ta zufa a cikin zafi. Madarar kwakwa ta tsiyaye, ta bi gindin akwati, ta gangara ɗakin batir. Ya ɗaga ɗan murfin ɗakin. Kan batir ya yi kore, maƙallan fis sun yi danƙo, kiyashi sun kafa gari har da unguwanni.

Ga ciwo, ga sanadi. Karo na farko a rayuwarsa ya gano matsalar babur da kansa. Abin da ya rage kawai ya yaye zani, ya ɗaga robar sama ya ce ga abin da ya kashe inji. Zai zama babban makaniken Matavera har yamma. Mama Upoko kuma ba za ta ƙara ɗaga kai a coci ba.

"Tunda ka buɗe," muryar Moeroa ce daga waje, "ka yi sauri in zuba almakashi da ƙyallaye a ciki."

"Wani wari nake ji," in ji Mama Tepaeru. "Kamar na san shi." Ta ƙasan zani yana ganin takalmanta. Suna matsowa.

Aljihu ba zai ɗauka ba. Ƙasa kowa na ganin ta. Wuri ɗaya ya rage.

8. Cinye shaida

Manya sun ce ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba. Ba su faɗi yadda za a yi ba in sirrin ya zo da cokali.

Kada ka shinshina. Kada ka tsince kiyashi, ba lokaci. Yi manyan loma.

Ya yi tsami, yana cizon harshe. Idon Nooroa ya kawo ruwa. Amma can ƙasan tsamin akwai wani abu mai laushi da gardi, har ya gane abin da ya sa tsohuwa ta karya rantsuwar shekaru.

"Me kake tauna a ciki, ɗan Mauke?" in ji Papa Tutai.

"Waya nake feƙewa, Papa."

"Da haƙori? Yawwa! Aikin gaske ke nan. Yaran yanzu sai sun jira kayan aiki."

In ka gama, lashe cokali, shi ne kayan aikinka. Kwance kan batir, baƙar waya tukuna, sannan ja. Kankare koren da gindin cokali har ƙarfe ya yi ƙyalli. Ciro fis ka ɗaga shi ga hasken da ke ratso zani. In zaren cikinsa ya tsinke, sai sabo, galibi akwai na ajiya maƙale a murfi. Kada ka naɗa masa takardar kwalin sigari, haka babura ke zama gawayi. Na Mama Upoko bai tsinke ba, danƙo ne ya raba shi da maƙallansa. Goge shi da gefen riga, goge maƙallan, mayar. Ɗaura wayoyi, ja tukuna, sannan baƙa, ka matse tam. Hure kiyashi, su nemi wani gari.

Robar kuwa ka share ta da tsumman mai, ka jefa sifana a ciki. Robar askirim mai ɗauke da sifana ba ta da laifi. Kowane gida na da irinta.

9. Ɗora wa teku laifi

Fito daga zani a hankali, kamar wanda ya dawo daga nesa. Busar da fulogi, mayar da shi, sa masa hularsa. Murɗa makulli. Danna hon.

Hon ya kwarma ihu har kaji suka watse. Nooroa ya matse birki, ya danna sitata. Inji ya yi tari, ya tofar da hayaƙi, ya kama.

Baranda ta ɗauki tafi. Moeroa ta zuba almakashi da ƙyallaye a akwati, ta rufe kujera.

"To me ya same shi?" in ji Mama Tepaeru, ido a kanne.

Mama Upoko ba ta kalle shi ba. Mangwaro take kallo. Amma hannunta ya damƙe gefen rigarta.

"Gishirin teku ne, Mama," in ji Nooroa. "Iska ke kawo shi, ya ci ƙarfe."

"Abin da na faɗa tun farko ke nan," in ji Papa Tutai.

Teku ba ta da dangi a ƙauye, ba ta zuwa coci, ba ta musu. Ɗora mata komai.

Mama Tepaeru ta ja hanci. "Gishiri mai warin kwakwa?"

"Man gashina ne," in ji Mama Upoko, tana hawa. "Wuce gaba ki kama mana wuri, 'yar'uwa, kada hayaƙina ya ɓata miki riga."

Da jan babur ya fita, ta yafito Nooroa da yatsa. Ta sa babban yatsa ta goge masa gefen baki. "Baƙin mai," in ji ta da ƙarfi. Sannan ƙasa-ƙasa: "Duka?"

"Duka, Mama."

"Ko loma ɗaya ba ka rage min ba?"

Ya girgiza kai.

"Mugun yaro." Ta murɗa hannu ta tafi, sauran furannin suna kaɗawa.

Moeroa ce ta goya shi zuwa zaure. A hanya ta leƙa shi ta madubi. "Fuskarka ta canja launi."

"Murna ce."

10. Zauna kusa da ƙofa

Wannan matakin ya fi sauran duka. Nooroa bai san shi ba, ya zauna a tsakiya.

Piri yana kan kujera an lulluɓe ta da barguna masu ɗinkin hannu, kansa kamar gonar ƙyallaye. Fasto ya yi addu'a, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Aka yi waƙa. Mama Upoko ta karɓi lasifika ta fara kira. Iyaye, kawunai, goggonni, dangin Auckland, dangin Sydney. Kowa ya taso, ya yanke tukku, ya rungumi yaro, ya koma.

Cikin Nooroa kuwa ba ya buƙatar kik. Da kansa ya tashi.

Ya daure. Ya cije leɓe, ya ƙura wa rufin kwano ido, ya tuna duk abin baƙin cikin da ya sani don ya manta. Tukkaye suna ta raguwa. Gumi ya jiƙa masa baya. Da ya ga abin zai zama labarin da za a riƙa bayarwa har jikoki, ya miƙe, ya tsallake gwiwoyin mutane, ya fice da gudu zuwa bayan zaure.

Yana can, kai jingine da bango, ya ji lasifika ta taga.

"Nooroa, ɗan gidan Taripo na Mauke."

Ba wanda ya taso.

"Nooroa."

Ya rufe ido. Haka duniya take. Sai ta ga ba ka iya amsawa take kiran ka.

"Yaya, ba ya nan," muryar Papa Tutai ce. "Kira na gaba, abinci na hucewa."

"Ko makanike ya koma gareji ne?" in ji Mama Tepaeru. Aka yi dariya.

Lasifika ta yi ƙara. "Babu na gaba. Yaron nan aikina ne ya tsare shi. Tukkun nan nasa ne. Ku ja waƙa, za mu jira shi."

Suka ja waƙa. Suka kai ƙarshenta, suka komo farko. Fasto ya duba ƙofa, ya ɗaga hannu aka sake.

Da Nooroa ya shigo, hannu a jiƙe da ruwan famfo, duk zauren ya juyo. Ya bi ta tsakiya. Moeroa ta toshe baki da hannu biyu, ba a san dariya take ko kuka ba. Mama Upoko ta miƙa masa almakashi ta mariƙi, ta riƙe masa tukkun da kanta. Ya yanke.

"Benci na gaba," in ji ta. "Wurin 'yan gida."

Wajen cin abinci Mama Tepaeru ta tare shi da farantin poke ruwan goro, shaƙe da madarar kwakwa. "Ga tukwicinka, makanike. Ba ka taɓa ɗanɗana irinsa ba."

Nooroa ya kalli farantin. Daga can ƙarshen tebur Mama Upoko ta dakata da taunawa.

"Na gode, Mama," in ji Nooroa. "A gidanmu ba ma cin sa."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba makanike ba ne, ba likita ba ne, ba kuma waliyyin kowa ba ne. In babur ya ƙone, naka ne. In wuta ta zo ta ja kawun wani har ya zubar da shayi, ku sasanta a cikin dangi. In cikinka ya yi maka tawaye a gaban fasto, ba hannunsa ya ba ka cokali ba. Haka kuma ba ruwansa in abin ya yi kyau, ka zama ɗan gida, ka wayi gari matan coci sun jera baburansu a ƙofarku, kowace tana zaune daram a kan kujerarta tana cewa batir lafiyarsa ƙalau. Ranar nan kai da Allahnka. Shawara ɗaya ce kyauta: kada ka karya kumallo kafin ka fito.